Da Sauƙi, In Ji Kowa

A daminar da ta biyo bayan shekarun fari na samu hutuna na farko daga gidan rediyon da nake aiki a Kano. Jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Gagarawa da hantsi, na hau bayan wata akori-kura mai buhunan gishiri zuwa Gumel. Ko'ina kore. Gero ya wuce gwiwa, mutane sun duƙa suna maimai, duk wanda muka wuce sai ya ɗago ya ɗaga mana hannu.

Aikina a lokacin fassara labarai ne da karanta su. Ban daɗe da gama koyo ba, abin da aka koya mini yana nan a kaina da ɗuminsa. Editanmu dattijo ne mai ƙarancin magana. In ka kai masa takarda ba ya karɓa sai ya yi maka tambaya biyu. Ta farko: "Wa ya gani da idonsa?" Ta biyu: "In ka gama karantawa, me mai sauraro zai sani wanda bai sani ba kafin ka fara?" In ka yi shiru sai ya nuna maka kwandon shara da bakin alƙalaminsa. Na ɗauka tambayoyin nan na ofis ne, na baro su can. Ashe tare muka sauka daga jirgi.

Na tarar da gidanmu cikin shiri. Ƙanwata ta dawo goyon ciki, cikinta na fari, watanta kuma ya kama. Inna ta tara itace a ƙarƙashin rumfa don kada ruwa ya jiƙa shi, ta aro babbar tukunyar wankan jego, ta tanadi kanwa da geron kunu. Mahaifinmu ya rasu tun ina makaranta, komai a hannunta yake. Amma na lura takan fara aiki ta bari, ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon ƙofa.

Dalilin shi ne Kawu, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan iyayensu sun rasu, shi ya aurar da ita. Yana zaune a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar, inda mota ba ta shiga da damina, kuma tun kafin ruwan shuka aka ce yana kwance. Inna ba yarinya ba ce, tafiyar ba ta zuwa-da-dawowa a rana ɗaya ba ce. In ta tafi, mai yiwuwa 'yarta ta haihu ba ta nan, alhali don ta haihu a gabanta aka kawo ta. In ta zauna, mai yiwuwa ba za ta sake ganin yayanta da rai ba, su nemi gafarar juna. Abu guda take so ta sani: jikin nasa ya kai ta bar mai ciki, ko zai jira a yi suna?

Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗanta na fari. Tun da na kama aiki sai ta samu mafita, ta koma ce mini mai rediyo.

"Mai rediyo," ta ce, ranar da na iso, bayan na ci abinci, "ku da kuke jin abin da ake yi a Makka da Masar, ga Sule Tankarkar nan kusa ta gagare ni."

"Ba ki tambaya ba, Inna?"

"Na tambaya. Mai daddawa ta ce da sauƙi. Direban da ke zuwa can ya ce da sauƙi. Malam na ƙofar gida ya je Maigatari, shi ma ya ce da sauƙi."

"To ai mutum uku ke nan."

"Uhm," ta ce, ta ci gaba da tsince wakenta.

Washegari na bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mini. Mai daddawa na same ta a bakin kasuwa. Ba ta je ƙauyen ba, surukarta ce ta gaya mata, ita kuma surukar ta haɗu da ɗan Kawu a kasuwa, tun gero bai rufe ƙasa ba. Direba na same shi yana ɗaure kaya. Motarsa iyakarta Sule Tankarkar, ɗan Kawu ne ya taɓa hawa, ya gaishe shi da mai jiki. Malam kuwa ya ce a Maigatari ya ga ɗan Kawu wajen 'yan tumaki. Baki uku, majiya ɗaya. Da mutum goma ne suka kawo maganar, ba za ta ƙara nauyi ba, tunda duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo. Kuma a cikinsu ba wanda ya ce mini ranar da aka faɗa masa sai da na tambaya. Labarin mara lafiya kuwa kamar nono yake, na jiya daban, na makon jiya daban.

Wannan bai dame ni sosai ba, don ana gyara shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar kanta. A wajenmu in aka tambaye ka mai jiki, da sauƙi za ka ce. In ya tashi yana yawo, da sauƙi. In ba ya gane mutane, da sauƙi. Shi kansa mara lafiyan, in yana iya buɗe baki, abin da zai faɗa ke nan. Na girma ina jin haka ban taɓa tsayawa na duba ba, sai ranar nan a tashar mota. Amsar da ka sani tun kafin ka yi tambaya ba ta ƙara maka komai. Inna ta san za a ce da sauƙi kafin mai daddawa ta sauke tallarta. An faɗa, ta ji, shakkarta tana nan yadda take, ba ta ragu da ƙwayar gero ba.

Sau ɗaya na taɓa jin an amsa da wani abu daban. Ina makaranta, aka tambayi wani mutum jikin mahaifiyarsa a ƙofar masallaci, ya ce, "Sai addu'a." Duk wanda ke wurin ya yi tsit, wasu suka fasa tafiya kasuwa suka bi shi gida. Kalma biyu ce, amma don ba a saba jin ta ba ta ɗauki abin da dogon jawabi ba zai ɗauka ba. Abin da magana ke ɗauke da shi ba a tsawonta yake ba, yana ga yadda aka yi tsammaninta.

Ba ina cewa da sauƙi maganar banza ba ce. Addu'a ce, kuma tana nuna mai faɗa yana tare da kai. Sai dai ba rahoto ba ce, Inna kuwa rahoto take bukata.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari neman majiyar. Kara ta cika, raƙuma a gefe guda, shanu da tumaki a nasu gefen, manyan motocin da mutanen Damagaram ke ce wa kamiyo sun jeru a bakin hanya. Bayan fari dabbobi sun yi ƙaranci, masu kallo sun fi masu saye yawa. Na samu ɗan Kawu riƙe da igiyar wata tunkiya. Taubashina ne, sa'ana, tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

"A'a, bawana ya dawo," ya ce. "An sako ka daga cikin akwatin? Kullum in muka kunna sai in ce wa mutane, ku ji shi nan, na aike shi Kano ya yi mini surutu."

"Kai da ko tashar ba ka iya kamowa, sai an murɗa maka."

"Me zan kamo? Ran nan kun ce za a yi ruwa, na kwashe shanya, rana ta wuni tana dukanmu."

"Ba ni na faɗa ba."

"Muryarka ce. Ko kana da tagwai?"

Muka gaisa sosai, na tambayi gida, na tambayi gona. Sannan na ce, "Yaya jikin Kawu?"

"Da sauƙi."

"Na ji. Yanzu gaya mini yadda yake."

"Na ce maka da sauƙi."

"Yana tashi?"

"In ya so."

"Yana cin abinci?"

"Yana taɓawa. Kai, wai alƙali aka naɗa ka a Kanon?"

Na gaya masa halin da Inna ke ciki, da mai ciki, da itacen da aka tara. Wasan ya sauka daga fuskarsa. Ya naɗe igiyar a hannu, ya warware.

"Me kake so in ce maka?" ya ce a hankali. "In ce ubana ba zai tashi ba? Ni na ba shi rai? In na faɗa ya tashi, da wane ido zan kalle shi? In kuma na faɗa abin ya faru, har in mutu ana cewa bakina ne. Ka zo ka gani. Kai ne mai faɗa wa duniya, sai ka faɗa wa gwaggona, Innarka."

Na aika wa Inna ta bakin wani maƙwabcinmu cewa zan kwana ƙauye. Da la'asar muka bi wata motar 'yan kasuwa mai bin gefen iyaka zuwa yamma, inda ta tsaya muka ƙarasa a ƙafa ta cikin gonaki, tunkiyar da ba ta sayu ba tana biye da mu. Da muka isa an ce Kawu ya samu barci, aka bar gaisuwa sai safe.

Da safe na shiga. Na yi niyyar in riƙe abin da na gani kawai, ba abin da na ji a raina ba. A bakin ɗakin akwai babbar 'yarsa, wadda ke aure a tsallaken iyaka, ta zo da 'ya'yanta, tsakiyar noma. Kawu yana jingine da bango a kan tabarma, an tokare shi da matashi. Ƙafafunsa sun kumbura har gwiwa. Kusa da shi akwai dutsen taimama, da ƙwaryar kunu wadda aka sha kaɗan aka rufe da faifai. Fuskarsa ta faɗa. Amma idonsa tar, muryarsa kuma tana nan.

"Wa nake gani? Ɗan ƙanwata mai yi mana ƙarya da sassafe?"

"Ni ne, Kawu. Ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Matso in gan ka. Muryar ta fi ka girma. In na ji ka sai in ɗauka wani ƙato ne mai tumbi."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, 'yarsa ta shigo ta dafa masa baya. Da ya lafa ya tambayi Gumel unguwa-unguwa, bai manta kowa ba. Ya yi faɗa a kan gayyar da aka yi masa a gona, wai sun bar ciyawa a gindin gero, shi daga nan yana jin ta. Ɗansa ya ce malamin asibiti na Sule Tankarkar ya zo ya yi masa allura, ya ce a kai shi babban asibiti. Kawu ya ce ba inda za shi sai an yanke gero.

"Yarinyar fa, ta sauka?"

"Tukuna, Kawu. Watan ya kama."

"Allah ya raba lafiya. To ka ji. Uwarka na san ta, tana can tana ƙona abinci saboda ni. Ka ce mata da sauƙi. Ta zauna da 'yarta. Haihuwar fari ba a barin ta."

"In ta tambaye ni abin da na gani fa?"



"Idon naka ne, ban saya ba. Amma bakina ka ji abin da ya ce."

Na baro ƙauyen kafin azahar, ta hanyar Sule Tankarkar, a ƙafa har bakin titi. Tafiyar ta ba ni lokacin tunani. Na je ne da zaton akwai wata gaskiya da aka rufe a ɗaki, in na buɗe ƙofa zan ɗauko ta in kai wa Inna. Na buɗe, na gani, amma amsar tambayarta ba ta cikin ɗakin. Akwai abin da ba ka sani ba don yana nesa ko an ɓoye maka, wannan tafiya tana maganinsa. Akwai kuma wanda ba ka sani ba don bai faru ba tukuna, wannan ko ka kwana a gindinsa ba za ka samu ba. Taubashina bai ɓoye mini komai ba. Shi ma bai sani ba, kuma ya ƙi ya yi kamar ya sani.

Abin da ke hannuna guntaye ne, wasu suna ja nan, wasu can. Kumburi da kunun da ba a sha ba a gefe guda, dariya da faɗan ciyawa a ɗaya gefen. Kuma na san wani abu daga aikina wanda mai sauraro bai cika lura da shi ba: abin da ka sa a farko, shi ka ce ya fi muhimmanci, ko ba ka faɗa ba. In na fara da ƙafafu, na tura Inna ƙauye. In na fara da dariya, na zaunar da ita. Duka biyun ba ƙarya a ciki, amma ni na yanke mata hukunci ke nan, ba tare da ta sani ba. Ga kuma saƙon Kawu, wanda amana ce, dole in isar. Kafin mota ta zo na tsayar da shawara: zan ba ta saƙonsa da sunan saƙonsa, sannan in jero abin da na gani bi da bi yadda idona ya faɗa a kansu, daga bakin ƙofa zuwa ciki.

Na shiga gida da yamma. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ƙanwata tana kishingiɗe a tabarma ta miƙe ƙafafu. Aka yi mini sannu da zuwa, aka ba ni ruwa. Inna ba ta ɗago ba.

"Yaya ka baro shi?"

"Da sauƙi," na ce. Kafin in yi tunani ta fita. Sai na ƙara, "Haka ya ce in gaya miki. Ya ce ki zauna da 'yarki, haihuwar fari ba a barin ta."

"Shi ya ce. Kai fa?"

Na faɗa mata. Babbar 'yarsa ta tsallaken iyaka tana bakin ƙofa da 'ya'yanta. Yana jingine, an tokare shi. Ƙafafu sun kumbura zuwa gwiwa. Taimama yake yi. Kunu ya sha kaɗan. Ya gane ni, ya yi mini ba'a, ya yi dariya har ya yi tari. Ya tambayi mutane da sunayensu. Ya yi faɗa a kan gona. An ce a kai shi asibiti ya ƙi. Na faɗa da irin muryar da nake karanta labarai, ba sama ba ƙasa, don na ga ita ce kaɗai ba za ta karkata ba.

"Yaya, ka manta ka ce ƙarshen labaran ke nan," ƙanwata ta ce. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta yi ba.

Inna ta ajiye rariya. Na zaci za ta tambayi kumburin, ko abin da malamin asibiti ya ce.

"Yau wace rana?"

"Juma'a."

"Da hula a kansa?"

"Babu."

"An yi masa aski?"

Sai da na rufe ido na dawo da ɗakin. "A'a. Gashi ya fito, fari, har ya kwanta. Gemun ma ba a gyara ba."

Na ga kan Kawu da idona, na daɗe ina kallonsa, amma ban sa shi cikin lissafi ba, don a wurina tsoho mara lafiya da suma ba labari ba ne. Inna ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin Juma'a ta same shi da gashi ba. Shekarar da ƙafarsa ta karye, a kwance wanzami ya aske shi. Lokacin fari, da wanzamin garin ya tafi ci-rani, da kansa ya riƙa yi da aska a bakin randa yana yanke kunne. In har ya bar gashi ya kwanta, ta ce, ko dai ba ya iya zaman askin, ko ya daina kula, kuma ba ta san wanne ya fi ba.

Abu ɗaya muka samu ni da ita, ni na ma fi ta, tunda ni na gani. Amma a wurina bai ce komai ba, a wurinta ya faɗi abin da kumburi bai faɗa ba, don ita ta san yadda kan yake a sauran Juma'o'in duniya. Labari ba ya cika a bakin mai kawo shi. Rabinsa yana wurin mai karɓa, cikin abin da ya riga ya sani. Tun daga ranar, in ina rubuta rahoto, nakan bar wasu ƙananan abubuwa da ban ga amfaninsu ba, in dai na tabbata na gan su.

Duk da haka aski bai gaya wa Inna ranar da Kawu zai tafi ba, bai kuma gaya mata ranar da jikanta zai zo ba. Ya dai karkata ma'auni. Ta zauna hannu a kan gwiwa tana kallon itacen da ke ƙarƙashin rumfa.

Ƙanwata ce ta yi magana. "Inna, ki tafi."

"Ke rufe mini baki. Me kika sani?"

"Ban san komai ba, shi ya sa nake tsoro. Amma in kika zauna, jikinki ne kawai a nan. Jiya gishiri sau biyu kika sa a miya. A kira Gwaggo ta zo ta zauna da ni."

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, tana bayan kasuwa, ta karɓi haihuwa ba adadi.

"Gwaggonki hannunta zafi. Ruwan da za ta watsa miki sai kin yi kuka."

"Ke ma an ce haka kike."

Inna ta harare ta, ta ɗauki rariya, ta sake ajiyewa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mai rediyo, in ka huta ka je ka ce wa Gwaggonku ina son ganinta."

Da safe muka kama hanya. Mota ta kai mu Sule Tankarkar, daga nan na samo mai amalanke ya ɗauke ta, ni ina tafe a gefe. Ta tafi da ƙullin kanwa da 'yar jakar garin kunu daga cikin abin da ta tanadar wa mai jego. A hanya ta nuna mini wata tsamiya ta ce a nan suke hutawa suna yara in sun je ɗebo ruwa.

A bakin ɗakin ta tube takalmi ta durƙusa, ta gaishe shi gaisuwar ƙanwa, doguwa, kanta a ƙasa. Ya amsa duka. Sannan ya dube ni ta saman kanta.

"Kai, haka na aike ka?"

"Na faɗa mata, Kawu."

"Ya faɗa," Inna ta ce. "Na ji. Na zo ne in ga sauƙin."

"Taurin kai tun kina goye. Kin bar yarinya ita kaɗai."

"Tana hannun gwaggonta. Yaya, wannan wane irin kai ne? Kamar na mahaukacin kasuwa."

Ya shafa kansa, kamar yanzu ya tuna da shi. "Wuyan ne ba ya riƙe shi."

"Ni zan riƙe. A kira wanzami."

Aka kira. Ta zauna a bayansa ta tallafe masa ƙeya da tafin hannu biyu, wanzami yana aiki a hankali, farin gashi yana zuba a kan zanen da ta shimfiɗa. Kawu ya rufe ido. Da aka gama wanzami ya tattara kayansa, na ji ta ce, "Yaya, duk abin da na yi maka tun ina ƙarama," sai na tashi na fita, na ja ɗansa muka tafi duba ciyawar da ake faɗa a kanta. Tana nan kuwa, a gindin gero.

Hutuna ya ƙare, na koma Gumel na kwana, na wuce Gagarawa na hau jirgi. Sauran abin da ya faru ƙanwata ce ta ba ni labari daga baya. Ta haihu Inna tana ƙauye, namiji, da rana tsaka, a hannun Gwaggo, kuma ta yi kukan ruwan zafin kamar yadda aka ce. Inna ta dawo kafin suna ta karɓi wanka, ta yi kwanaki tana gyara abin da ta ce Gwaggo ta ɓata. Har yau in muka yi faɗa da ƙanwata takan ce ni ne na kore mata uwa ranar da ta fi bukatarta, ni kuma in ce ita ta ce a tafi.

Kawu bai rasu a wannan makon ba, bai rasu a wannan watan ba. Ya ga an yanke gero, an ɗaure, an zuba a rumbu. Da Inna ta zauna ta yi suna sannan ta tafi, da ta same shi. Wannan yanzu muka sani. A ranar da take tankaɗe a tsakar gida ba wanda ya sani, kuma ba ta taɓa ce mini na yi daidai ko na yi kuskure ba. Ba ta sake komawa ba kuwa, don jego ya riƙe ta, jaririn kuma ya yi ta zazzaɓi.

Ranar da aka kawo rasuwar, da hantsi ne, taubashina ya zo da kansa ya yi sallama a zaure. Inna tana yi wa jariri wanka. Ta saurara daga inda take, ta yi salati, ta tambaya ko an riga an kai shi, aka ce tun jiya. Ƙanwata ta fara kuka tana cewa saboda ita ne Inna ba ta koma ba. Inna ta ɗauraye yaron, ta naɗe shi a zane, ta miƙa mata.

"Karɓi ɗanki ki ba shi nono," ta ce. "Ni da Yaya mun riga mun gama maganarmu."